Gadon faifan At Fillmore East: abin da aka ɗauka da abin da aka bari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani faifan kiɗan rok na ƙasar Amurka wanda ya haura shekara hamsin da fitowa, amma har yau masu kaɗa jita a sassan duniya ba su daina komawa gare shi ba. Faifan shi ne At Fillmore East na ƙungiyar Allman Brothers Band, wanda aka naɗa a gaban 'yan kallo a birnin Niyu Yok a ranakun 12 da 13 ga watan Maris na 1971, aka kuma fitar da shi kasuwa a watan Yuli na wannan shekarar. Da Dickey Betts, ɗaya daga cikin masu jita biyu na ƙungiyar, ya rasu ranar 18 ga Afrilun 2024, mutum ɗaya tak ya rage cikin shidan da suka yi wannan aiki, wato makaɗin ganga Jaimoe. Yabon da ake yi wa faifan yawancinsa yana tsayawa ne a kan tsawon kiɗan da kuma saurin yatsun mutum ɗaya, ni kuwa a ganina wannan ne mafi ƙanƙantar abin da ya bar wa na baya. Babban abin da ke cikinsa shi ne yadda mutum shida suka saurari juna, suka kuma saurari waɗanda suka riga su, kuma wannan ɓangaren ne magada da yawa suka tsallake.

Duane Allman, wanda ya kafa ƙungiyar a Jacksonville ta jihar Fulorida a watan Maris na 1969, ya fara yin suna ne a matsayin makaɗin haya a situdiyon FAME da ke Muscle Shoals a jihar Alabama, inda yake raka manyan mawaƙa baƙar fata irin su Wilson Pickett, sa'an nan kuma ya yi aiki da Aretha Franklin. Makaɗin haya ba shi da ikon nuna kansa. Aikinsa shi ne ya kasa kunne ya ji inda mawaƙi ya ja numfashi, ya cike wurin, ya kuma yi shiru idan murya ta dawo. A wannan makaranta Duane ya tashi. Da ya tashi haɗa tasa ƙungiyar, mutumin da ya fara ɗauka shi ne Jaimoe, baƙar fata ɗan jihar Misisipi wanda ya taɓa kaɗa wa Otis Redding ganga. Daga baya aka samu Berry Oakley a kan jitar bas, Dickey Betts a kan jita ta biyu, Butch Trucks a kan ganga ta biyu, sai ƙanin Duane, wato Gregg, wanda ya riƙe waƙa da ogan. Ya kamata mai karatu ya tuna lokacin da wurin: shekara biyar kacal da kafa dokar 'yancin jama'a ta 1964 wadda ta haramta wariyar launin fata a wuraren taruwar mutane, shekara ɗaya kuma da kashe Martin Luther King a Memphis. Fararen samari biyar masu dogon gashi da baƙar fata ɗaya, suna zaune a garin Macon na jihar Jojiya, suna ci tare suna tafiya a mota ɗaya cikin ƙauyukan kudancin Amurka, ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamanin.

Fayafayansu biyu na farko, na 1969 da na 1970, a situdiyo aka yi su, kuma ba su yi wani ciniki na a zo a gani ba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya kwatanta: waƙar Whipping Post minti biyar ce da ɗoriya a faifan farko, amma a kan dandamali takan kai minti ashirin, domin ƙungiyar ta yi wajen wasa 300 a shekarar 1970 kaɗai, kuma a can ne kiɗanta ya nuna. Saboda haka suka yanke shawarar a naɗe su yadda suke a gaban jama'a. Suka zaɓi zauren Fillmore East na Bill Graham, mai cin kusan mutum 2,700, inda ake wasa sau biyu kowane dare, kuma inda Jimi Hendrix ya naɗi nasa faifan a daren shiga shekarar 1970. Wanda ya zauna cikin motar naɗar sauti a bakin titi shi ne Tom Dowd na kamfanin Atlantic, mutumin da ya yi aiki da Ray Charles da John Coltrane, kuma a lokacin bai daɗe da dawowa daga Gana ba, inda ya yi aikin sautin bikin Soul to Soul da aka yi a Akara ranar 6 ga Maris. Kowane dare bayan an tashi, sai shi da makaɗan su wuce situdiyo su saurari abin da aka ɗauka, su ware wanda ya yi daga wanda za a sake gobe.

Sautin da faifan ya buɗe da shi na kwalba ne. Duane yakan zura ɗan yatsansa na kusa da ƙarami cikin wata 'yar kwalbar maganin mura mai suna Coricidin, maimakon ya danne tsirkiya a kan wuyan jita kamar yadda aka saba, sai ya riƙa zamar da gilashin a kanta. Jita ta saba tsalle daga wannan murya zuwa waccan, amma da kwalba sai ta riƙa ratsa duk abin da ke tsakaninsu, ta yi sama a hankali, ta yi rawa a wuri ɗaya, ta sauko kamar maƙogwaron mutum. A waƙar farko, Statesboro Blues, idan Gregg ya rera layi ya tsaya, kwalbar ce take amsa masa, kuma ba ta taɓa shiga bakinsa yana cikin magana. Wannan ladabin makaɗin haya ne bai bar Duane ba ko da ya zama shugaba, kuma duk wanda ya koyi zamar da kwalba daga wannan faifan bai koyi lokacin yin shiru ba, to rabin karatun ya ɗauka.

A yawancin ƙungiyoyin rok na lokacin, jita ɗaya ce ke ja gaba, ɗayar kuma tana riƙe mata amo a baya. A nan duka biyun jagorori ne. Wanda ya sa abin sauraro a kunne zai ji su a rabe, kowacce a nata ɓangaren, wani lokaci suna tafiya tare a kan layi ɗaya ɗaya na sama da ɗaya, wani lokaci kuma ɗaya ta ja da baya ta bar wa 'yar uwarta fili. Hannun Betts mai daɗi ne, a tsanake, yana son zagaya jimla ɗaya har ta zauna. Na Duane mai zafi ne, yana hawa yana ƙara hawa. Gangunan ma haka suke: Butch Trucks ne ke tura kiɗan gaba da ƙarfi, Jaimoe kuma yana bi ta tsakanin bugunsa yana yi masa ado irin na makaɗan jaz, kamar masu lugude a turmi ɗaya da taɓarensu ba sa karo. Inda wannan ya fi fitowa shi ne In Memory of Elizabeth Reed, kiɗa zalla ba waƙa, na minti 13, wanda Betts ya tsara ya kuma sa masa sunan da ya gani a jikin wani kabari a maƙabartar Rose Hill ta Macon. Tsarinsa na jaz ne: a fara da jigo tare, kowa ya fita ya yi nasa, a dawo a haɗu a kan jigon. Jaimoe ne ya riƙa saka wa abokansa fayafayan Miles Davis da John Coltrane, kuma Duane da bakinsa ya sha faɗin irin sauraron da ya yi wa faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959. Abin da nake so a lura da shi, Malam Edita, shi ne abin da sauran biyar ke yi sa'ad da ɗaya ke gaba. Idan Duane ya fara hawa, Oakley ba ya tsayawa yana maimaita abu ɗaya. Yana bin sa a ƙasa da nasa layin, gangunan suna ƙara cika, har a kai ƙololuwa tare, sa'an nan su sauka tare ba tare da wani ya ɗaga hannu ya ba da alama da za a ji ba.

Gefe na huɗu na faifan, wanda tagwaye ne mai gefe huɗu, Whipping Post ce kaɗai a kansa, wajen minti 23. Kafin a fara ana jin wani daga cikin 'yan kallo yana kiran sunan waƙar da ƙarfi, sai bas ɗin Oakley ya shigo shi kaɗai. Kiɗan rok ƙirga huɗu aka san shi da ita, amma wannan mabuɗin ƙirga goma sha ɗaya ne, wato uku, uku, uku, biyu, shi ya sa mai sauraro yake jin kamar ana fizgar sa gaba kafin ya gama ajiye ƙafa. Can a tsakiya kiɗan yakan kwance gaba ɗaya, ƙirgar ta ɓace, ya rage jita ɗaya tana lalube a hankali, sauran suna jira, zauren kuma tsit. Jama'ar da suka biya kuɗi domin su ji hayaniya ne suka yi wannan shirun, kuma shi ma yana cikin abin da aka naɗa. A gefe na biyu, lokacin da ƙungiyar ta tsaya ta bar jita ita kaɗai, 'yan kallo ne suka riƙe ƙirgar da tafi, har wani ya ɗaga murya yana roƙon a kwana ana kiɗa. Babu situdiyon da zai iya samar da wannan.

Akwai masu cewa faifan ba tsantsar abin da ya faru ba ne, kuma suna da 'yar hujja. Tom Dowd ya yanka tef: kiɗan gefe na biyu, You Don't Love Me, an haɗa shi ne daga wasa biyu daban, an kuma cire wani yanki na busar hamonika daga Stormy Monday. Hoton bangon faifan ma, inda makaɗan ke dariya a gaban akwatunan kayan kiɗa, a Macon aka ɗauke shi, ba a Niyu Yok ba. To amma akwai bambanci babba tsakanin zaɓe da ƙari. Duk abin da kunne ke ji a faifan an kaɗa shi ne a kan wannan dandamali a gaban waɗannan mutane, ba a koma situdiyo an sake murya ko an gyara kuskuren yatsa ba. Bayan 'yan shekaru, da kamfanoni suka gane cewa faifan dandamali na kawo kuɗi, sai gyara ya zama ruwan dare: 'yan ƙungiyar Kiss sun amsa daga baya cewa an yi wa faifansu na 1975 gyare-gyare a situdiyo, kuma har yau ana gardama a kan yawan abin da aka sake a faifan Thin Lizzy na 1978. Ban ce waɗannan ba su da daɗin ji ba, amma wanda ya saya domin ya ji abin da mutane za su iya yi a take, ba tare da damar sakewa ba, an sayar masa da wani abu daban.

Sauraro na biyu, wato sauraron waɗanda suka riga su, shi ne wanda na fi damuwa da shi. Kiɗa bakwai ne a faifan, huɗu daga ciki kuma na mawaƙan bulus (blues, tsohon salon kiɗan baƙar fatar Amurka) ne. Statesboro Blues ta Blind Willie McTell ce, makahon mawaƙi ɗan Jojiya wanda ya naɗe ta a 1928, Duane kuma ya same ta ne ta hannun mawaƙi Taj Mahal, wanda ya sake ta a 1968 tare da Jesse Ed Davis a kan jita. Done Somebody Wrong ta Elmore James ce, Stormy Monday ta T-Bone Walker ce tun 1947, You Don't Love Me kuma ta Willie Cobbs. Sunayen nan suna rubuce a jikin faifan, kuma ba a tsaya nan ba, ana jin Duane yana ambatar masu waƙa ta makirufo kafin a fara. Wajen gabatar da Stormy Monday ya fara danganta ta ga Bobby Bland, wanda salonsa suka bi, nan take kuma ya gyara ya ce asalinta ta T-Bone Walker ce. Wannan 'yar gyarar ta daƙiƙa biyu tana da nauyi a wurina, domin a daidai wannan zamani wasu manyan ƙungiyoyi suna ɗibar baitocin tsofaffin mawaƙan bulus suna sa sunayensu a kai. Sai da mawaƙin bulus Willie Dixon ya kai ƙarar ƙungiyar Led Zeppelin a 1985 a kan waƙar Whole Lotta Love kafin aka sasanta a wajen kotu, sunansa ya shiga jerin marubutanta.

Duk da haka ba zan ce ambaton suna ya biya bashi ba. McTell ya rasu tun 1959, bayan ya shafe shekaru yana waƙa a bakin titi a Atlanta, Elmore James kuma ya rasu a 1963, babu wanda ya ga irin kuɗin da waƙarsa ta jawo a hannun fararen samari. Gidajen rediyon da suka riƙa saka gefe guda na wannan faifan ba tare da yankewa ba, ba kasafai suke buɗe wa masu asalin kiɗan ƙofa ba. Wannan laifin kasuwa ne da tarihin ƙasar, ba na mutum shida ba, amma duk mai yabon faifan ya kamata ya riƙe shi a zuciya. Abin da ambaton sunan ya yi shi ne ya bar hanya a buɗe: yaron da ya sayi faifan ya karanta bayansa yana da sunan da zai je ya nema, kuma da yawa sun nema.

Faifan ya kai lamba 13 a jadawalin fayafayan da suka fi ciniki na mujallar Billboard, ya kuma samu shaidar zinariya ta yawan ciniki a watan Oktoban 1971. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 29 ga watan, Duane ya yi hatsari a kan babur a Macon sa'ad da yake ƙoƙarin kauce wa wata babbar mota, ya rasu yana da shekara 24. Ranar 11 ga Nuwamban 1972 Berry Oakley ya yi karo da motar bas a kan nasa babur, 'yan layuka kaɗan daga wurin, shi ma yana da shekara 24. An binne su kusa da juna a Rose Hill. Zauren Fillmore East kansa an rufe shi tun ranar 27 ga Yunin 1971, kafin faifan ya fito, kuma wannan ƙungiyar ce ta yi wasan ƙarshe a cikinsa. Mutuwar ƙuruciya takan jawo hankalin mutane kan mamacin shi kaɗai, kuma ina ganin tun daga nan aka fara karanta faifan a matsayin labarin gwani ɗaya, alhali shi Duane ya ƙi amincewa a sa sunansa shi kaɗai a gaban ƙungiyar.

Daga nan gadon ya rabu. Kamfanoni suka ƙirƙiro wani rukuni da suka kira rok ɗin kudu, suka cika shi da ƙungiyoyi masu jita biyu ko uku, wasunsu ƙwararru ne ƙwarai, kamar Lynyrd Skynyrd da Marshall Tucker Band. Sai dai a dandamalin Lynyrd Skynyrd an riƙa rataya tutar jihohin kudu da suka yi tawaye a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 domin su ci gaba da riƙe bayi, kuma wannan tuta ta manne wa rukunin gaba ɗaya. Abin takaici ne a ce kiɗan da aka gina a kan McTell da Coltrane, da baƙar fata a kan ganga, ya zama shi ake kira uban salon da ake kaɗawa a ƙarƙashin wannan tuta. Gregg Allman bai taɓa son wannan laƙabi ba. Wasu magadan kuma tsawon kawai suka ɗauka, suka ɗauka cewa idan mai jita ya yi minti goma sha biyar yana gudu a kan tsirkiya, sauran suna maimaita abu ɗaya a bayansa, to an yi irin na Fillmore. Irin wannan ne ya gundure matasa har kiɗan punk na ƙarshen shekarun 1970 ya zo da waƙoƙin minti biyu domin ya yi masa tawaye, kuma ban ga laifinsu ba.

Ba na kuma son a ɗauka ina wanke mutanen nan ne daga halayensu. Miyagun ƙwayoyi sun yi musu mummunar illa tun kafin faifan ya fito, kuma rigimar da ta biyo bayan wata shari'ar ƙwaya ce ta tarwatsa ƙungiyar a 1976. Wanda zai gaji kiɗan ba dole ba ne ya gaji wannan, kuma masu cewa maye ne ya samar da shi suna raina ɗaruruwan dare na aiki da atisaye da suka sa mutum shida suka san numfashin juna.

Inda aka riƙe gadon da kyau shi ne cikin gidan kansa. Da Oakley ya rasu, Lamar Williams, baƙar fata abokin Jaimoe tun ƙuruciya, shi ya karɓi bas, kuma daga 1997 Oteil Burbridge ya riƙe wannan kujera. Da ƙungiyar ta sake haɗuwa a 1989 ta ɗauki Warren Haynes, a 1999 kuma Derek Trucks ya shigo, ɗan ɗan'uwan Butch, wanda aka haifa a 1979, shekara takwas bayan rasuwar Duane, ya kuma koyi zamar da kwalba daga waɗannan fayafayai tun yana yaro. Abin da ya burge ni game da shi shi ne bai tsaya kwaikwayo ba: ya je ya saurari kiɗan gargajiyar Indiya ya shigo da lanƙwasarsa cikin kwalbar, wato ya yi abin da Duane ya yi da jaz. Shekara da shekaru suna komawa Niyu Yok a watan Maris su yi darare a jere a zauren Beacon, kuma a can suka yi wasansu na ƙarshe ranar 28 ga Oktoban 2014, wanda ya kai har bayan tsakar dare. Kafin nan, Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya zaɓi faifan cikin jerin 2004 na sautukan da ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu.

Ga mai karatun da wannan wasiƙa za ta sa ya nemi faifan, akwai shi iri-iri, kuma ba ɗaya suke ba. An sake haɗa shi a 1992 da ƙarin waƙoƙi, an kuma fitar da cikakken abin da aka naɗa a wasannin a 2014 cikin fayafayan CD shida. Shawarata ita ce a fara da na 1971 mai kiɗa bakwai, a bi shi a jere yadda aka tsara shi, daga gajerun waƙoƙin bulus na gefen farko zuwa dogayen na ƙarshe, domin jerin da kansa yana nuna daga ina makaɗan suka taso da kuma inda suka kai abin. Na 2014 na wanda ya riga ya san na farko ne, domin a nan zai ji waƙa ɗaya sau uku ko huɗu a wasanni daban-daban, kowane karo da tata hanyar, har da waɗanda ba su kai ba, ya kuma gane dalilin da ya sa Tom Dowd ya ɗauki wannan ya bar wancan.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Naka mai karatu a kullum.